Ɗan ƙarfen tokare yatsa a kyamara: Haja ce ko tarkon jari?

Daga wakilinmu a Tamale

Kwanakin baya, bayan mun kammala shirin kasuwa da muke gabatarwa a gidan rediyonmu, sai wani Alhaji daga cikin masu sauraronmu ya tare mu a bakin ƙofa riƙe da wata 'yar leda. Alhajin dai ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan waya, irin su caja da batir da abin sawa a kunne, kuma ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin Tamale da kasuwar Sankasi da ke kan iyakar Togo da Burkina Faso. Bayan mun gaisa sai ya zazzage ledar a kan benci, sai ga waɗansu 'yan ƙarafa baƙaƙe da farare, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, gefe ɗaya shafaffe, ɗaya gefen kuma a lanƙwashe kamar ƙugiya.

Ya shaida mana cewa wani dillali ne ya cusa masa su a cikin kayan da ya saro, tare da tabbatar masa cewa kayan kyamara ne da masu hoto ke rububinsu. To amma ga shi wata da watanni sun shuɗe ko ɗaya bai sayar ba, kuma abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne bai ma san abin da zai ce ba idan mai saye ya tambaye shi amfaninsu. Buƙatarsa ita ce mu yi masa tallarsu a rediyo.

Muka ce masa, Alhaji, a yi mana haƙuri, ba ma tallar abin da mu kanmu ba mu san shi ba, amma tun da matambayi ba ya ɓata, a ba mu 'yan kwanaki mu bincika. Abin da binciken ya nuna mana shi ne muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu, musamman 'yan'uwanmu da ke saro kaya a Paga da Bawku da Hamile da Tatale da Aflao, domin irin wannan hajar tana iya faɗowa hannun kowa.

Gwajin da muka yi a Gumbihini

Zangonmu na farko shi ne unguwar Gumbihini da ke nan cikin Tamale, unguwar da aka fi saninta da lambunan kayan miya. A can akwai wani saurayi mai ɗan shagon hoto da muka saba haɗuwa da shi a wuraren biki da suna. Sana'arsa ke nan, da ita yake ci da kansa da iyayensa: fasfo da rana, bukukuwa da dare da ƙarshen mako.

Da ganin ƙarafan sai ya yi murmushi, ya ɗauko kyamararsa ƙirar Nikon, irin manyan nan masu tudu a tsakiya, ya zura ɗaya daga cikinsu a gurbin da ke saman kyamarar, inda ake ɗora fitilar hoto. Ƙarfen ya shiga daram kamar don ita aka yi shi. Alhaji har ya fara washe baki. Sai dai da saurayin ya riƙe kyamarar yadda yake riƙe ta idan zai yi aiki, sai muka ga lanƙwasasshen gefen yana can sama yana reto, babban yatsansa kuma yana can ƙasa, babu abin da ya haɗa su. Ya juya mana kyamarar ya nuna mana cewa ita tun daga masana'anta aka yi mata tudun kamawa a gaba, aka kuma manna mata roba a baya daidai inda babban yatsa ke zama, saboda haka ba ta da buƙatar wani ƙari.

Ya kuma ja hankalinmu ga wani abu da ba mu lura da shi ba. Gurbin da ƙarfen ya toshe shi ne mazaunin fitilarsa, kuma rabin abincinsa a hoton dare yake. Ya ce ya sha ganin irin wannan ƙarfe, amma a jikin waɗansu ƙananan kyamarori shafaffu da baƙi ke ratayowa idan sun zo kallon bikin Damba.

A nan muka gane cewa dillalin bai yi ƙarya ba da ya ce kayan kyamara ne. Abin da bai faɗa ba shi ne ta wace kyamarar ce, kuma a nan gizo yake saƙar.

Daga ina ƙarfen ya samo asali?

Sunan wannan ƙarfe a taƙaice shi ne matokarin yatsa, kuma an ƙirƙiro shi ne domin wani jinsin kyamara da ake kira mai ma'aunin nisa. Ita irin wannan kyamara, mai hoto ba ta cikin gilashin gaba yake kallo ba. Tana da waɗansu 'yan tagogi a goshinta, idan ya leƙa sai ya ga abin da zai ɗauka ya rabu biyu a tsakiya, sai ya yi ta murza gilashin har surorin biyu su haɗe su zama ɗaya. Da zarar sun haɗe, to nisan ya daidaita, hoto zai fito tangaram. Saboda ba ta da madubin ciki irin na manyan kyamarori, jikinta ƙarami ne, shafaffe gaba da baya kamar sandar sabulu.

Kamfanin da ya fi shahara da ita shi ne Leica na garin Wetzlar a ƙasar Jamus. Wani ma'aikacinsa mai suna Oskar Barnack ne ya ƙera ta farko, aka fito da ita kasuwa a 1925. A 1932 aka haɗa mata ma'aunin nisa a jikinta, sannan a 1954 aka fito da samfurin M3, wanda ya zo da wani ɗan hannu na ƙarfe a sama ta dama, wanda ake turawa da babban yatsa domin a ja fim bayan kowane hoto. Tsofaffin masu hotonmu da suka yi aiki da Yashica ko Pentax ko Zenit a zamanin fim ba sa buƙatar a kwatanta musu wannan ɗan hannu. Hasali ma Yashica Electro 35, wadda ta fito a 1966, ita ma mai ma'aunin nisa ce.

An yi ɗan hannun ne domin jan fim, amma sai masu hoto suka samar masa aiki na biyu. Sukan bar shi a ɗan buɗe, su saƙala babban yatsa a bayansa, ta yadda kyamara za ta zauna a hannu ɗaya ba tare da an matse ta ba. Shekara hamsin ana haka, har abin ya zama jiki.

Da zamanin dijital ya zo, fim ya kau, sai ɗan hannun ya rasa aikinsa na asali. Kamfanin Epson na Japan, wanda ya fara fito da kyamarar dijital mai ma'aunin nisa a 2004, wato R-D1, ya bar ɗan hannun a jikinta, ana ɗana ta da shi kafin kowane hoto. Amma da Leica ya fito da tasa ta dijital ta farko a jerin M, wato M8, a 2006, sai ya cire shi baki ɗaya. Kyamarar ta fi ta fim kauri, nauyinta ya haura rabin kilo ko kafin a ɗaura mata gilashi, farashinta a lokacin ya kusa dala 4,800, ga shi kuma babban yatsa ba shi da wurin kamawa. Ba a jima ba wani mutum mai suna Tim Isaac, na kamfanin Match Technical Services, ya sassaƙo wani ɗan ƙarfe na tagulla da ake zurawa a gurbin fitila, gefensa ya lanƙwaso daidai inda tsohon ɗan hannun yake, ya raɗa masa suna Thumbs Up. Masu kyamarar suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Abin ya yi tasirin da shi kansa kamfanin Leica ya shiga sayar da nasa matokarin tare da samfurin M10 na 2017. A 2018 kuma ya fito da M10-D, wadda aka dasa mata wani ɗan hannu mai kama da na jan fim sak, alhali babu fim ɗin da zai ja, aikinsa kawai yatsa ya tokara. A ɗaya ɓangaren kuma kamfanin Fujifilm ya fara sayar da X100 a 2011. Ita ba ta da ma'aunin nisa na ainihi, amma an yi mata irin wannan shafaffen jiki, don haka ta gaji irin wannan matsala. Kamfanoni irin su Lensmate na Amurka da JJC na Shenzhen a ƙasar Sin suka shiga ƙera mata nata. Daga irin waɗannan masana'antu na Sin ne masu araha ke kwararowa har su iso kasuwannin kan iyakokinmu.

Amfaninsa ga wanda aka yi dominsa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ƙarfen banza ne. Ga wanda ke da irin kyamarar da aka yi shi dominta, yana da amfani iri biyu.

Na farko shi ne hana hoto dishi-dishi. Idan haske ya yi ƙaranci, kamar da magariba ko a cikin ɗaki, dole idon kyamara ya daɗe a buɗe kafin ya tara hasken da yake buƙata, kuma duk wata rawar hannu da aka yi a wannan ɗan lokaci sai ta fito a hoton. Masu hoto suna da wata tsohuwar ƙa'ida cewa idan gilashinka na milimita 50 ne, to kada ka bar idon a buɗe fiye da kashi ɗaya cikin 50 na sakan in dai da hannu kake riƙe da kyamarar. Idan ɗan yatsa ya danna maɓallin ɗauka daga sama, kyamara takan so ta sunkuya ta wannan gefen. Babban yatsan da ya sami wurin tokarawa shi ke tare wannan sunkuyon. Wannan yana da muhimmanci domin kyamarorin Leica na jerin M, har zuwa M11 ta 2022, ba su da na'urar rage girgiza a cikinsu. Ita ma X100 ba ta samu ba sai a samfurin X100VI na 2024. Duk wanda ya taɓa gwada ɗaukar hoton bikin Bugum, inda ake fitowa da dare da wutar ciyawa a hannu, ya san abin da muke nufi.

Na biyu shi ne hana kyamara kuɓucewa. Mu nan Tamale mun san zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da tafin hannu ke jiƙewa da gumi, mun kuma san hunturu, lokacin da sai an shafa man kaɗe kafin fata ta yi laushi. Gumi da mai duk santsi ne. A haɗa wannan da turereniyar ranar Damba, ga dawakai ga makaɗa ga ƙarar bindigogi, mai hoto yana ɗaga kyamara sama da hannu ɗaya domin ya hango sarki, sai a ga dalilin da zai sa mutumin da ya sayi M11 a kan kusan dala 9,000, ko X100VI a kan kusan dala 1,600, ba zai ji ƙyashin ƙara 'yan kuɗi ya sayi abin da zai riƙe masa ita ba.

Illolin da dillali ba zai faɗa ba

Illa ta farko ita ce wadda saurayin Gumbihini ya nuna mana. Matokarin yana cinye gurbin fitila. Akwai waɗanda aka yi musu wani gurbin a samansu domin a ɗora wani abu, amma mafi yawansu ba sa isar da saƙon wuta tsakanin kyamara da fitila, don haka fitilar ba za ta haska ba. Mai hoton biki da ke cire fitila yana mayarwa sau da yawa a dare ɗaya, wannan ƙarfe wahala kawai zai ƙara masa.

Illa ta biyu ita ce wadda ta fi shafar ɗan kasuwa. Faɗin gurbin fitila kusan ɗaya ne a yawancin kyamarori, domin akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ta tsara shi, shi ya sa ƙarfen ke shiga kusan ko'ina, shi ya sa kuma yake saurin yaudarar mai sari. Amma nisan da ke tsakanin gurbin da inda yatsa ke zama, da kaurin jikin kyamara, da inda aka dasa maɓallai da abin murzawa, duk sun bambanta daga samfuri zuwa samfuri, ko da kuwa kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Misali, samfurin Leica M na 2012 ya zo da abin murzawa a baya daidai wajen yatsa, sannan M10 ta fi shi siranta da kimanin milimita huɗu. Matokarin da aka yi wa ɗaya ba ya zama daidai a ɗaya. Ko dai ya danne abin murzawa, ko ya bar rata yana girgiɗi, ko ya goge fentin kyamara. Kama da wane ba ta wane.

Illa ta uku ta shafi ingancin ƙarfen. Na asali da tagulla ko alminiyam mai kyau ake sassaƙa su, a kan manna musu 'yar roba a inda za su taɓa jikin kyamara. Na kamfanin Leica farashinsa ya haura dala 200, alhali waɗanda ake kawowa daga Sin ana samunsu ƙasa da dala 20. Ba duk mai araha ne marar kyau ba, amma akwai waɗanda awonsu bai cika ba. Wanda ya yi sako-sako yakan zare ya faɗi ba a sani ba, wanda ya yi tsauri kuma sai an buga shi kafin ya shiga, wani ma da ɗan sukuru ake ɗaure shi, idan aka matse da yawa ya huda fenti. Sannan shi gurbin fitila ba don ɗaukar nauyin kyamara aka yi shi ba. Idan ƙarfen ya saƙale a bakin jaka ko a aljihun riga aka fizga, ƙarfin duka a kan gurbin zai sauka, yana iya lanƙwasa shi. Ranar da hakan ta faru, ba dillalin Sankasi mai kyamara zai nema ba, teburin da ya saya zai dawo.

Su wa za su saya a nan?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata Alhaji ya yi tun kafin ya zaro kuɗinsa. Kasuwar kyamara gaba ɗaya ta tsuke a duniya. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarorin dijital sama da miliyan 120, amma a 2023 adadin bai kai miliyan takwas ba. Waya ce ta cinye kasuwar. A cikin ɗan abin da ya rage ma, masu ma'aunin nisa da masu kama da su 'yan tsiraru ne.

Gaskiya ne cewa daga ƙarshen 2022 samari da 'yammata a ƙasashen waje sun yi ca a kan X100V saboda yadda aka yi ta yayata ta a TikTok, har ta yi wuyar samu a shaguna. Mai yiwuwa irin wannan labari ne dillalai ke ji su ce ana rububin kayan. Amma rububin da ake yi a Tokyo ko Landan ba shi ne na kasuwar Aboabo ba.

A zagayen da muka yi a shagunan hoto na Gumbihini da cikin gari, abin da muka tarar a hannun masu sana'ar shi ne manyan kyamarorin Canon da Nikon, galibi na hannu, sai kuma Sony a wajen matasa masu ɗaukar bidiyo. Dukansu da tudun kamawarsu suka zo. Shafaffun kyamarorin kuwa an fi ganinsu a wuyan baƙi masu wucewa zuwa gandun dajin Mole da tsohon masallacin Larabanga da tafkin kadoji na Paga, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka yi yawa a Tamale, da kuma masu hoton fasaha. Su ma waɗannan na ƙarshe ƙafarsu ta ƙaru a garin tun da Ibrahim Mahama ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a 2019, ga kuma Nuku Studio, cibiyar nazarin hoto da Nii Obodai ya assasa.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. Mutumin da ya taso daga Turai, ko daga Accra da mutanenmu ke kira Ankara, da kyamarar dubban daloli, ya riga ya sayi matokarinsa tun kafin ya baro gida, kuma ya zaɓi wanda ya dace da samfurinsa. Da wuya ya tsaya a teburin kayan waya yana neman wani. In ma ya tsaya, lambar samfuri zai fara tambaya, kuma mai hajar da bai san ta ba ya yi asarar cinikin.

Inda kasuwar take

Duk da haka, matsalar da ta haifi wannan ƙarfe, wato abu mai tsada kuma mai santsi a hannu ɗaya, tana nan a kowace kasuwa tamu. Bambancin kawai shi ne a wurinmu abin mai santsi waya ce. Mai sayar da fugu yana ɗaga riga da hannun hagu yana ɗaukar hotonta da na dama domin ya tura wa abokin ciniki ta WhatsApp. Haka mai man kaɗe, haka mai atamfa, haka dillalin shanu a kara. Wayoyin kullum ƙara faɗi suke yi suna ƙara siranta, kuma duk wanda fuskar wayarsa ta taɓa fashewa ya san kuɗin canza ta. Shi ya sa zoben da ake mannawa a bayan waya da ɗan maɓallin nan mai buɗewa kamar zugazugi ba sa kwana a tebur. Shi wannan na biyu wani malamin jami'a ne a Amurka mai suna David Barnett ya ƙirƙiro shi, ya fara sayar da shi da sunan PopSockets a 2014. Aikinsu ɗaya da matokarin kyamara, amma su kowace waya suna kama ta.

Ga mai son ya riƙe masu hoto a matsayin abokan ciniki, akwai wani sirri da saurayin Gumbihini ya nuna mana. Ya kifa kyamararsa ya nuna mana wani rami mai zare a ƙasanta. Wannan rami faɗinsa rubu'in inci ne, kuma kusan kowace kyamara a duniya, ƙarama ko babba, tsohuwa ko sabuwa, irinsa gare ta. Duk hajar da ke ɗauruwa a wannan rami, kamar ƙafa uku ta ɗora kyamara, da maɗaurin hannu, da maƙalar da ke riƙe waya a kan ƙafa uku, ba ta zaɓen samfuri. Haka igiyar rataya a wuya, da ƙyallen goge gilashi, da 'yar robar busa iska da ake kore ƙurar hunturu da ita. Irin waɗannan idan wannan bai saya ba wancan zai saya.

Wani abin da ya kamata mu duba kuma yana ƙarƙashin hancinmu. Majemar Zango ta nan Tamale da dukawanmu sun daɗe suna jeme fata suna ɗinka takalma da jakunkuna da kube. Maɗaurin wuyan hannu na kyamara ba komai ba ne face tsirin fata mai ƙwari da zobe. Shi ne ma ainihin maganin faɗuwar kyamara, domin matokari yana rage santsi ne kawai, amma idan aka bangaje mutum a cikin taro hannu ya saki, igiya ce kaɗai za ta cece ta. Baƙon da ba zai kalli ƙarfen Sin a teburinmu ba, yana iya tsayawa ya taya igiyar fata ɗinkin hannu ta Tamale, domin ba zai same ta a garinsu ba. Abin da ake buƙata shi ne ɗinki mai ƙarfi da zobe marar tsatsa, kuma a gwada ta da nauyin da ya fi na kyamara kafin a kai ta kasuwa.

Kafin a zaro kuɗi

Ga duk wanda aka yi wa tayin irin waɗannan ƙarafa, shawararmu ita ce ya fara duba kwalinsu. Idan babu sunan kamfanin kyamara da lambar samfurin da aka yi ƙarfen dominsa, to ya ajiye, domin ba zai san wa zai sayar wa ba. Idan akwai, sai ya tambayi kansa ko ya taɓa ganin mai irin wannan kyamara a kasuwarsu. In kuwa mai hoto ne da kansa ya nema, a sa shi ya rubuta lambar samfurin, ya ba da kafin alƙalami, sannan a yo masa odar ƙwaya ɗaya ko biyu. Ranar da kaya ya iso a gwada a gabansa: ya shiga ba tare da bugu ba, ba ya girgiɗi, bai danne abin murzawa ba, kuma da roba a inda yake taɓa jiki. Irin wannan haja ta oda ce, ba a sarinta katan-katan.

Da muka koma wa Alhaji da wannan bayani, mun zauna tare muka ware ƙarafan nasa. Kaɗan daga ciki suna da lambar samfurin Fujifilm a jikin ledarsu, waɗannan saurayin Gumbihini ya karɓa da alƙawarin zai nuna wa abokan sana'arsa da ke hulɗa da baƙi. Sauran kuwa ko suna babu. Alhaji ya tattara su ya mayar cikin leda, ya ce a tafiyarsa ta gaba zai kai wa dillalin ya nemi a musanya masa da zoben waya da igiyoyin rataya. Tallar da ya zo nema ba mu yi ba, amma da za mu rabu ya roƙe mu mu karanta wannan bayani a shirinmu na kasuwa, domin ya san ba shi kaɗai aka cusa wa irin ledar nan ba.

Allah Ya tsare mana jarinmu, Ya sa albarka a cikin nemanmu.